Yadda Ake Gyaran Gida a Bazara Kafin Ruwan Jos Ya Sauka, Ba Tare da Iyali Sun Kwana da Yunwa Ba

Shekara uku ke nan da na tafka wata wauta da har yau in na tuna sai na ji kunya. Bikin ƙanwar maigidan ya matso, na tasa shi gaba sai an yi wa falo fenti. Aka yi, ruwan madara, tas da shi, har maƙwabta na leƙowa. Kwana tara da gamawa, hadarin farko ya haɗo daga gabas da la'asar. Iska ta fara, ƙanƙara ta biyo baya tana dukan kwano kamar ana watsa tsakuwa. Kafin a kira magariba ruwa ya sami hanya ta gindin wata ƙusa da ta daɗe da sakin jiki, ya jiƙa silin, ya gangaro bango ya zana mana ratsi ruwan ƙasa tun daga sama har bayan kujera. Da kuɗin fentin nan kwano biyu da ƙusa muka fara saya, da baƙin biki ba su zauna suna kallon bango suna kawar da kai ba.

Tun daga ranar na riƙe tsari ɗaya. Gyaran gida hanyar ruwa yake bi: daga sama ya gangaro. Rufi, sai magudana, sai bango da ƙasa, fenti shi ne auta. Kafin duk wannan kuma a fara raba tukunya da ƙura, don gidan da ake gyara kicin ne ke fara jin jiki. Maigidana direba ne, rabin wata yana hanya, saboda haka ni ke tsayawa kan masu aiki. Da ke nake magana, uwargida, amma in maigida ne ke karantawa, bismillah, duk tafiyar ɗaya ce.

Lokacin da za a fara

Jos a kan tudu take, kimanin mita 1,200 sama da teku. Bazararmu ba ta kai ta Kano ko Bauchi zafi ba, amma ruwa na riga zuwa mana. Wata shekarar tun ƙarshen Maris ake yayyafi, Afrilu a fara ruwa na gaske, Mayu ya zauna, Yuli da Agusta kuwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwan farkon nan shi ne mai fitina, don da iska yake zuwa, wani sa'in da ƙanƙara. Lokacinki ke nan daga tsakiyar Fabrairu zuwa farkon Afrilu. In kika yi gaggawa cikin tsakiyar hunturu, busasshiyar iska za ta tsotse ruwan filasta ta tsattsage. In kika yi nawa har hadari ya fara haɗuwa, kowa a unguwa kafinta yake nema, kuɗinsa ya hau, hankalinsa ya rabu gida biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, gidajen rediyo na karantawa, ki sa kunne ki ji abin da aka ce game da Filato.

Ki kuma lissafa makonki da kyau. Kafintanmu ba ya aiki ran Lahadi, yana coci. Birkilan kuma ran Juma'a rabin yini yake yi. In azumi ya faɗo cikin wannan tsakani, kamar yadda yake yi 'yan shekarun nan, mai hawa kwano da azumi a baki zuwa azahar ya gama. Aikin da aka ce miki kwana bakwai, ki rubuta goma sha biyu.

Zagayen farko: ke da takarda da alli

Kafin ki kira kowa, ki zagaya gidan da kanki. In kika bari mai aiki ya fara gaya miki abin da ya lalace, to abin da ya fi kawo masa kuɗi zai gani.

Da tsakar rana, lokacin da rana ke tsaye, ki sa wani babban yaro ko ƙaninki ya ɗaga murfin silin ya leƙa ciki ba tare da tocila ba. Duk inda haske ke shigowa kamar tauraro, huda ce. Ya ƙirga, ya gaya miki saitin wane ɗaki. Daga nan ya kunna tocila ya duba katakai: wanda ya yi baƙi ruwa na taɓa shi, wanda aka ga ƙasa ta bi jikinsa kamar jijiya gara ce. Ya soka sukundireba a jiki, in ya shige kamar cikin burodi, katakon ya mutu. Ya taka kan katako kawai, kada ya kuskura ya taka allon silin, mun taɓa ganin ƙafar yaro ta ɓullo a ɗakin baƙi.

Ke kuma daga ƙasa ki bi ɗaki-ɗaki. Duk tabon ruwan bara a silin ki kewaye shi da alli. Ki ƙwanƙwasa bango da bayan cokali: inda ya yi ƙara kamar ganga, filasta ta rabu da bulo. Ki duba gindin bango, musamman ta waje, inda fenti ya kumbura ko wani farin gari kamar gishiri ya fito. Sai ki ɗebo ruwa bokiti biyu ki kwara a tsakar gida ki tsaya ki ga inda ya nufa. In ya bi rariya ya fita, madalla. In ya koma gindin ɗaki ya kwanta, ki rubuta da babban baƙi.

Abin da kika rubuta ki raba shi biyu kawai: wanda ruwa zai ƙara ɓatawa, da wanda ido ne kawai ke ƙi. Kuɗi na fara zuwa ga na farko.

In gidan haya ne, kada ki buga ƙusa ɗaya sai an yi magana da mai gida an rubuta abin da za a cire daga kuɗin haya. In kuma gyaran ya kai ga ƙara ɗaki ko ɗora bene, wannan ya wuce gyara, sai da izinin JMDB, hukumar raya birnin Jos.

Ciniki da masu aiki

Jinga ta fi biyan yini, in dai aikin a bayyane yake. Mai biyan yini ba ya gaggawa, mai jinga kuma gaggawarsa ce za ki sa wa ido. Ni jinga nake bayarwa, in raba kuɗin uku: kashi ɗaya ranar farawa, ɗaya in an kai rabi, na ƙarshe sai an gama na duba. Na rufi kuwa nakan riƙe wani abu sai ruwan farko ya gwada aikin. Ranar da na fara faɗa wa tsohon kafintanmu haka, dariya ya yi ya ce, "Hajiya, ai kin zama injiniya." Na ce, "Baba, ruwa ne ya koya mini." Bai ji haushi ba, mai aikin kirki ba ya tsoron wannan sharaɗi.

A rubuta komai a takarda, ko da a bayan littafin makarantar yara ne: aikin da za a yi, kuɗin, wa zai sayi kaya, wa zai kwashe ɓaraguzai, akwai abincin rana ko babu. Wannan na ƙarshen shi ke kawo ƙananan maganganu.

Kaya ki saya da kanki ko maigida, amma a tafi da mai aikin ya zaɓa. Katako a kasuwar Katako da ke Laranto, sauran kayan gini a ji farashi aƙalla shago uku. Bandir ɗin kwano falle 20 ne, a ƙirga a gabanki. Ki kama gefen falle ki lanƙwasa: wanda ya bi hannunki kamar gwangwanin madara ba zai jure ƙanƙarar Jos ba. Araha ba ta ado. Katako a zaɓi busasshe, ɗanye yana murɗewa bayan an kafa ya tuge ƙusa. Buhun siminti kilo 50 ne, ki danna shi da hannu, in kin ji dunƙule-dunƙule ya sha sanyi, a bar musu abinsu. A gida a jera shi kan katako, nesa da bango, a rufe da leda. Kan duk lissafin da aka yi ki ƙara kashi ɗaya cikin goma, don ba a taɓa buɗe rufi an tarar da abin da aka zata kaɗai ba.

Ki kwashe kicin tun kafin guduma ta fara

Kwana biyu kafin ranar aiki za ki yi wannan. Ki zaɓi kusurwar tsakar gida da ta fi nisa da inda za a kwaɓa siminti, kuma wadda iska ba ta kwaso ƙura ta nufo ta. A kafa rumfa da tamfol, a kare gefe biyu da tabarma ko tsohon kwano. Teburi ɗaya, kujera 'yar tsugunno, bokiti mai murfi, shi ke nan.

Kayan da za ki fitar kaɗan ne: tukunya babba ɗaya, matsakaiciya ɗaya, kasko, muciya, ludayi, wuƙa, turmin jajjage, kula biyu, kwanon kowa da cokalinsa. Sauran duka a ɗaure a kwali a kai ɗakin da ba za a taɓa ba. Shekarar farko na bar kwanukan jerena a kabad na ce ai a rufe suke. Garin siminti ba ya neman izini. Kwana uku ina wanki.

Tukunyar gas ta zauna a inuwa, a tsaye, nesa da inda masu walda ko masu shan sigari za su tsaya. Bayan kin sake haɗa tiyo, ki shafa ruwan sabulu a mahaɗar, in ya yi kumfa yana tsiyaya. Ki ajiye murhun gawayi a gefe saboda wake da gwate, masu cin wuta. Amma ko ruwa ya kore ki daga rumfa, kada ki shiga da gawayi ɗaki ki rufe ƙofa. Hayaƙinsa marar wari ne, kuma yana kisa. Mu mutanen Jos da muka saba jin ɗumi da garwashi mun san gidajen da aka yi wannan rashi.

Wurin kwashe sito ki yi hattara. Buhunan da suka shekara a jingine, bayansu kashin ɓera ne, kuma watannin rani su ne lokacin zazzaɓin Lassa, wanda Filato na cikin jihohin da ake samunsa. Kada ki share a bushe ƙurar ta tashi. Ki yayyafa ruwa mai bilic, ki bari ya jiƙa, ki sa safar hannu ko leda ki kwashe. Hatsi da gari su koma cikin robobi ko duro mai murfi. Duk ramin da kika gani a gindin bango ki nuna wa birkila ya toshe da siminti.

Ruwa kuma ki raba shi tun farko: duron aiki daban, randar sha daban. In ba haka ba za ki tarar da kwanon sarki mai siminti a cikin ruwan girkinki. A wannan lokaci rijiyoyi sun ja baya, famfo ba kullum ba, sai ki yi magana da mai garuwa tun da wuri ya san zai riƙa kawo ninki.

Rufi

A fara da sassafe, kuma kada a yaye fiye da abin da za a iya rufewa kafin la'asar. Wannan doka ce a gidana. Hadarin bazara ba ya sallama, kuma ko ba ruwa, kwana a ɗaki ba rufi ba daɗi.

Kafin kowa ya hau, a kashe wuta daga babban makunni. Ki ɗaga kai ki ga inda wayar da ta taso daga turke ta shigo gidan. A unguwanni irin su Anguwan Rogo da Gangare, inda gidaje ke manne da juna, wayoyi na ratsa bakin rufi, kuma falle ɗaya na kwano in ya taɓa waya a hannun mutum, magana ta ƙare. In wayar ta yi kusa, a kira ma'aikatan kamfanin wutar lantarki na JED su sauke ta, kada a ce yaron unguwa ya iya.

Katakon da ya ruɓe a cire shi gaba ɗaya, kada a yarda da ɗaura masa ɗan guntu a gefe. Sabo da tsohon da ya rage duk a shafe su da maganin gara, irin su Solignum. Wasu na shafa baƙin mai na mota, yana ɗan taimakawa, amma warinsa na daɗewa kuma yana ɗiga a silin in rana ta yi zafi. Ki tabbata an ɗaure katakon rufi da jikin gini da ƙarfen ɗauri ko waya mai kauri. Rufin da iska ke ɗauka ɗungurungum ta kifa a gidan maƙwabci, yawanci wannan ɗaurin ne babu.

Wurin jera kwano, abu uku za ki tsaya a kai. Falle ya hau kan ɗan'uwansa ta gefe da tudu ɗaya da rabi zuwa biyu. Na sama ya sauko kan na ƙasa da aƙalla inci 6. Ƙusa kuma a kan tudun kwano ake buga ta, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, kuma mai hula da roba a wuya. Kafinta mai son rage kwano zai rage hawan nan, ke ba za ki gani daga ƙasa ba sai Agusta. Ki tambaye shi falle nawa zai shiga kowane layi, ki ƙirga da ido.

Hudar ƙusa ɗaya ko biyu ba ta kai a sauya falle ba. A goge wurin ya bushe, a manna ledar kwalta da ake sayarwa a naɗe, a danne sosai da rana tana zafi. Amma kwanon da tsatsa ta ci har yana ɓarɓashi, liƙi ɓata kuɗi ne. A duba kwanon da aka kifa a ƙololuwa, da kwarin da rufi biyu suka haɗu, don nan ganyen mangwaro da ledoji ke taruwa su tare ruwa ya koma ciki. Reshen bishiyar da ya rataya kan rufi a sare shi yanzu.

Tunda silin a buɗe yake, mai wayarin ya shiga ya duba inda ɓera ya ci waya. In tsohon silin ne irin na asbestos, kada a yanka shi da zarto ko a farfasa a bushe, ƙurarsa na lahanta huhu. A jiƙa, a cire falle-falle, yara su yi nisa.

Da an gama, yaron nan ya sake leƙawa da tsakar rana. Kada a ga tauraro ko ɗaya. Sai a hau da bokiti a kwara ruwa kan wuraren da kika kewaye da alli.

Hanyar ruwa

Wanda ya ga Yulin 2012 a garin nan, lokacin da dam ɗin Lamingo ya tumbatsa ruwa ya bi ta Rikkos da unguwannin bakin rafi ya tafi da gidaje da rayuka sama da 30, ba sai an yi masa wa'azin kwata ba. Gida ɗaya ba zai tare irin wannan ba, amma yawancin ruwan da ke shiga ɗakunanmu daga ƙofar gidanmu yake farawa.

A zare duk abin da ya toshe rariya. A yashe lambatun ƙofar gida har ƙasa, kuma abin da aka yaso a kwashe shi ranar, don in aka tara a baki ruwan farko zai mayar da shi. Ki yi wa maƙwabtan sama da na ƙasa magana a yi rana ɗaya, in ba haka ba kin yashe wa sharar wani wuri ne. Indararo ya zuba cikin kwata ko duro, kada ya zuba gindin bango.

In gwajin bokitin nan ya nuna tsakar gida na mayar da ruwa ɗaki, sai an sake daɓe da gangare, kamar kaurin yatsa ɗaya a kowane taku, zuwa bakin rariya. Kankare na daɓe: buhun siminti 1, yashi kwanon sarki 4, tsakuwa kwanon sarki 8. Da ragowar a zagaye gindin ginin ta waje da ɗan dakali mai gangare, faɗin taku ɗaya. Shi ke hana ruwan bakin kwano fantsama ya jiƙa bango, wanda shi ne asalin farin gishirin nan.

Rijiya a ɗaga bakinta, a yi mata murfi. Ma'aikatan lafiya na son tazarar mita 30 tsakaninta da masai, abin da gidajenmu na cikin gari ba su da filinsa, saboda haka da ruwa ya fara sauka ki riƙa tafasa na sha ko ki sa maganin tsarkake ruwa. Farkon damina lokacin amai da gudawa ne.

Bango

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Tsaga iri biyu ce. Siririya kamar gashi ta filasta ce kawai. Wadda ta bi layin bulo kamar matakala, ko ta fi faɗi a sama, ko tana ƙaruwa, daga tushe take, a nemo wanda ya san gini ya gani kafin a rufe ta.

Birkila ya faɗaɗa tsagar da guduma da ƙarfe mai baki, ya kakkaɓe, ya jiƙa wurin sosai, sannan ya cika. Busasshen bango na shanye ruwan kwaɓi, gyaran ya faɗo bayan wata biyu. Kwaɓin filasta: buhu 1 ga yashi mai laushi baro 2 zuwa 3, wanda aka tankaɗe. Ki ƙirga baron da idonki, nan ake cin amana. Kada a kwaɓa abin da zai wuce awa ɗaya ba a yi amfani da shi ba, kuma wanda ya fara daskarewa kada a ƙara masa ruwa a ce an farfaɗo da shi.

Sai ban ruwa, safe da yamma, kwana 7. Wannan aikin ba mai yi miki, birkila ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ni yara nake ba wa, kowa da bangonsa da kofinsa, wanda nasa bai tsage ba yana da tukwici.

Abin da za a ci duk tsawon kwanakin nan

Dabarar ita ce girki sau biyu a rana, duka a lokacin da ba ƙura: bayan asuba kafin masu aiki su iso, da bayan sun tashi an yayyafa ruwa an share. Na rana da safe ake dafa shi a zuba a kula.

Kwana ɗaya kafin a fara, ki je Farin Gada da sassafe. A wannan lokaci tumatirin noman rani na nan da araha, daga Mayu zuwa Yuni zai yi tsada. Ki sayi kwando, ki markaɗa da tattasai da attaruhu da albasa, ki tafasa har ruwan ya ƙone ya yi kauri, ki soya da mai sosai. Wannan soyayyen kayan miya shi ne jarinki: cokali uku a shinkafa ya zama dafa-duka, a dankali ya zama fate, a taliya yara sun ƙoshi. Ki riƙa ɗumama shi safe da dare, kada ki dogara da firij. Ragowar tumatirin a yanka a shanya ya zama kauɗa, amma a kan tebur a rufe da yadi mai shara-shara, kuma bayan an gama aikin siminti.

Karin kumallo kada ya wuce kunun gyaɗa ko koko da ƙosan maƙwabta, ko shayi da burodi, ko ɗumamen tuwon jiya. Tuwo da dare ya fi, da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, don ba su son tsayuwa. Tuwon acca ma ba ya cin lokaci, in dai kin wanke ta kin rege yashin tun da rana.

Amma sarkin kwanakin gyara gwate ne. Tukunya ɗaya, mutum goma, har masu aiki. Ga yadda nake yi. Tun dare na jiƙa wake gwangwani 1. Da asuba na ɗora ƙashi mai ɓargo da waken da albasa da daddawa a kan gawayi, ruwa ya kai rabin babbar tukunya. In wake ya yi laushi, na zuba jajjagen attaruhu da gauta, gishiri da dunƙule, sai tsakin masara gwangwani 4 da na wanke, ina zubawa ina juyawa don kada ya dunƙule. Na rage wuta. Tsaki na shan ruwa fiye da yadda kike zato, ki ajiye ruwan zafi a kusa kina ƙarawa. In ya nuna ya fara tsalle, sai markaɗaɗɗiyar gyaɗa ludayi biyu, sannan alayyafo mai yawa da yakuwa daidai tsamin da gidanki ke so. Minti biyar, a sauke. Ganyen kada ya dahu ya yi baƙi. Ranar da aka rufe mana kwano, wani lebura ya shanye kwanonsa ya miƙo yana sosa ƙeya: "Mama, in da saura." Da saura, don na san halin gwate.

Sauran ranaku ki juya tsakanin faten dankalin turawa na Bokkos ko Mangu da kabeji da karas, garau-garau da mai da yaji, ɗanwake in kina da mai taya ki, kwaɗon zogale ko na kabeji da ƙuli-ƙuli ranar da kika gaji. Abin da zan ce ki guje shi ne suya mai tsawo da duk abin da ake barin tukunya a buɗe, irin su masa da awara. Ranar da za a fasa bango kuma kada ki yi taurin kai, ki aika a sayo masa, ko ki kai yara gidan kakarsu su yini.

Masu aiki ko ba abinci a cikin cinikin, ruwan sanyi haƙƙinsu ne. Jarkar zoɓo ko kunun zaƙi da azahar na sa a buga ƙusar da aka yi niyyar tsallakewa. Mangwaro ya fara shigowa, a wanke a ajiye a roba mai murfi.

A ware wuri ɗaya na cin abinci, ko da tabarma ce a ɗakin da ba a taɓa ba, kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya zauna, don hannun yara ba ya rabuwa da yashi da siminti. Kowace yamma kafin a shimfiɗa tabarmar, a bi tsakar gida a tsince ƙusa da guntayen kwano. Maganaɗisun tsohuwar lasifika ɗaure da igiya na yin wannan aikin, yara har rububinsa suke. Wanda ƙusa ta soka a wanke a kai shi asibiti a yi masa allurar tetanus, kada a tsaya ɗaure da tsumma.

Fenti

Sabuwar filasta na son mako 3 zuwa 4 kafin ta karɓi fenti. In aka shafa da wuri zai kumbura ya ɓare. Wannan jiran alheri ne, don yakan kai ki ga ruwan farko, ki ga ko rufin ya riƙe kafin ki zuba kuɗi a bango.

A kankare tsohon fentin da ya ɗago, a cike ramuka, a goge da samfefa. In tsohon fentin mai ne na shekaru da yawa, a jiƙa kafin a goge, yara da mai ciki su bar wurin, don irin na da yakan ƙunshi dalma. Silin ake fara shafawa, sai bango, sai ƙofofi da tagogi. Fentin ruwa a ɗakuna, fentin mai a ƙofa da taga da rabin bangon kicin na ƙasa inda ake gogewa. Bokiti mai lita 20 a ƙiyasi yakan shafe ɗaki biyu matsakaita sau biyu. Ki tsaya a wurin lokacin da ake sirka shi da ruwa. Bangon waje kuwa, in kina kusa da titin da ba kwalta, jar ƙasar Jos za ta rina fari kafin Sallah, gara ruwan ƙasa ko ruwan toka daga gindi zuwa ƙugu.

Kicin ki bar shi kwana biyu a buɗe warin ya fita kafin ki mayar da gari da mai, don suna ɗaukar wari. Rumfar kuma kada ki yi saurin kwance ta. Daren da ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, ki ɗauki tocila da allin nan ki bi ɗaki-ɗaki kina haska silin da kusurwoyi, ki leƙa tsakar gida ki ga ko ruwan na bin rariya. Inda kika ga ɗigo ki kewaye. Da safe ki kira kafinta, ragowar kuɗinsa na hannunki.